Ko RSS Zai Iya Raba Wa Ma'aikata Jadawalin Ɗakin Taro?

Tambaya: Ina da ɗakin taro da nake bayarwa haya a Kaduna. Duk lokacin da aka ɗaga ranar biki sai na bi masu girki, masu ado da masu gadi da waya ɗaya bayan ɗaya. An ce RSS zai raba ni da wannan wahala. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, wanda ya ba ki shawarar ya kusa, amma bai kai ba. RSS, wanda kamfanin Netscape ya fito da shi a 1999, don labarai aka yi shi. Zai sanar da mutum cewa an wallafa sabon abu, amma bai san ranar farawa da ta ƙarewa ba. Abin da ya dace da ke shi ne iCalendar, tsarin raba jadawalin kalanda da aka kafa a 1998 aka sabunta a 2009. Fayilolinsa da .ics suke ƙarewa, kuma Google Calendar, Outlook da kalandar Apple duk suna karanta shi.

Ki buɗe kalanda ta musamman a Google Calendar don ɗakin taron, daban da taki ta gida. A cikin saitinta akwai adireshin iCal na sirri. Shi za ki tura wa ma'aikatan su yi rajista da shi. A nan ake yawan tafka kuskure: mutum ya sauke fayil ɗin ya zuba a kalandarsa, ya ɗauka ya gama. Hoton jadawalin ranar kawai ya ɗauka. Idan kin canja wani abu gobe, ba zai gani ba. A Google kuwa, ta kwamfuta ake saka adireshin, manhajar waya ba ta da wurin.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne jinkiri. Ba ke kike tura canjin ba, kalandar mai girki ce take leƙowa lokaci-lokaci ta ɗauka. Ta Apple a kwamfutar Mac ana iya sa ta duba duk minti 5, amma ta Google takan yi awanni da yawa, wani lokaci har ta kwana. Saboda haka idan dangin amarya sun mayar da dina daga Asabar zuwa Juma'a saura kwana ɗaya, ki ɗauki waya. Kuma kada ki yarda wani ya karɓi kuɗin ajiye rana yana dogaro da wannan kalanda, don a haka ne ake ba dangi biyu rana ɗaya. Manajanki da zai riƙa rubuta ranaku, ki ba shi izinin gyara kai tsaye ta imel ɗinsa.

Adireshin nan, duk wanda ya same shi ya ga komai, ba a tambayarsa kalmar sirri. Kada ki rubuta lambar wayar kwastoma ko cikon kuɗin da kike bin sa a ciki. "Dina, mutum 300, ƙarfe 7" ya wadatar. Ranar da wani ya bar aiki, ki sake adireshin daga saiti, ki tura wa sauran sabon.