Tsohon injin yankan ciyawa na Baba: a gyara ko a ba 'yan gwangwan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna kwashe kaya daga siton marigayi mahaifinmu sai muka ci karo da wani tsohon injin yankan ciyawa, kore, mai nauyin gaske. A gabansa akwai wasu wuƙaƙe murɗaɗɗu, a baya kuma gangar ƙarfe ce maimakon taya, an rubuta Suffolk Punch a jikinsa. Ya haura shekara 20 ba a tayar da shi ba. 'Yan gwangwan sun taya, amma ɗana ya hana, wai ya gani a intanet Turawa na gyara irinsa suna ji da shi. Gaskiya ne? Zai gyaru a nan? Kuma yana da tsada ne? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa. Malam, yaronka ya yi daidai, kada a ɗora injin nan a sikeli tukuna. Amma bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don kada ka sa rai: ba za ka yi arziki da shi ba. Kamfanin Suffolk Iron Foundry da ke garin Stowmarket a Ingila ne ya fara ƙera Suffolk Punch a 1954, aka sa masa sunan wani ƙaƙƙarfan dokin noma na yankin, kuma an yi shi da yawan gaske har ya zama injin gidan kowa. Abin da ya yi yawa ba ya tsada. A can ma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai wannan yawan shi ne sa'arka, domin har gobe ana samun kayan gyaransa, sababbi da na hannu.

Batun Turawa kuwa gaskiya ne, kuma suna da dalilinsu. A Ingila aka haifi wannan na'ura. Wani injiniya mai suna Edwin Budding, a kusa da garin Stroud, ya lura da wata na'ura a masaƙar ulu, mai murɗaɗɗun wuƙaƙe da ke aske gashin da ya tashi a fuskar yadi don ya yi sumul. Sai ya ce abin da ya aske yadi ai zai aske fili. A 1830 ya yi wa ƙirarsa rajista, a 1832 kamfanin Ransomes na Ipswich ya fara ƙera ta da izini. Kafin nan da dogon lauje ake yi, aikin da sai gwani. Daga baya aka yi manya waɗanda doki ke ja, har ana saka wa dokin takalman fata don kada kofatonsa ya ɓata filin. Ransomes ya fito da mai amfani da fetur a 1902, Atco na Birmingham kuma ya sa shi ya yaɗu daga 1921. Yau akwai gidan tarihi na injinan yankan ciyawa zalla a Southport, akwai kuma ƙungiyar masu tara tsofaffinsu, Old Lawnmower Club, tun 1990. Wasu na tarawa ne don kallo. Mafi yawansu kuwa abin da ke jan su shi ne na'ura ce da mutum zai kwance ta kaf a tsakar gida da sifana da sukudireba, ya gane aikin kowane ƙarfe, ya mayar, ta tashi. Wuƙaƙen da ke gaban injin Baba ɗin nan, tsarin Budding ne bai canza ba.

A nan ne nake so ka tsaya, don shi ne gaba ɗaya maganar. Injinan yankan ciyawa iri biyu ne. Na zamani da ake gani a makarantu da otal-otal wuƙa ɗaya gare su a kwance a ƙasa, tana juyawa da gudu tana sarar ciyawa kamar adda. Naka kuwa almakashi ne: murɗaɗɗun wuƙaƙen suna juyowa su haɗu da wata miƙaƙƙiyar wuƙa da ke ɗaure a ƙasa ba ta motsi, ciyawa ta shiga tsakani a datse ta. Shi ya sa yankansa ya fi tsafta, bakin ganyen ba ya yagewa balle ya bushe ya yi fari. Gangar ƙarfen bayan nan kuma ita ke kwantar da ciyawa, layi ɗaya gaba layi ɗaya baya, ta ba da zanen nan da kake gani a filayen ƙwallon Ingila.

To, da yake almakashi ne, kafin ka sayi ko da fulogi ɗaya, duba wuƙaƙen. Yawancin mutane da injin suke farawa, su kashe kuɗi ya tashi yana ruri, sannan su tarar ba ya yanka komai sai tauna. Cire hular fulogi, ka jingina injin baya, ka juya wuƙaƙen da hannu a hankali, da safar hannu. Ka duba ko akwai wadda ta lanƙwashe, ko ta tsage, ko waldarta ta saki. Ka kama sandar da suke kai ka girgiza. In tana wasa, boris ya mutu, wannan kuwa ƙaramin abu ne, masu sayar da boris za su auna su ba ka. Sannan ka duba miƙaƙƙiyar ta ƙasa: in ta cinye ta zama siririya ko ta yi tudu da kwari, sai an sake ta ko an kai ta wurin masu injin gyaran ƙarfe. Tsatsar sama ba komai ba ce. Tsagewa a gangar jikin injin ko lanƙwasar wuƙaƙe da yawa, wannan ne kaɗai zai sa in ce maka ka kira 'yan gwangwan su dawo.

In sun tsira, ga yadda ake wasa su. Kada ka bari kowa ya kusance su da garanda. Mai wasa wuƙa na kasuwa gwani ne a aikinsa, amma nan ana so kowace wuƙa ta taɓa ta ƙasa daidai wa daida daga wannan gefe zuwa wancan, hannu kuwa ba ya iya wannan. Akwai noti a kowane gefe da ke matso da su kusa. Ka matsa kaɗan-kaɗan har su fara shafar juna, ka samo ƙullun nan mai yashi-yashi da makanikai ke gyara zaman bawul da shi, ka shafa a bakin wuƙaƙen da buroshi, sannan ka riƙa juya su baya-baya, wato akasin yadda suke juyawa in suna yanka. Da farko za ka ji ƙara mai kaushi, can sai ta koma santsi. Ka wanke ƙullun tas, don in ya saura zai ci gaba da cin ƙarfe. Gwajin shi ne takarda: ka yanko tsinken jarida ka sa tsakani, ka juya da hannu. In ta datse shi ƙat a dama, a tsakiya, a hagu, da kowace wuƙa, an gama. In ta naɗe shi, da saura. In kuwa sai ka yi nishi kafin su juya, ka matse da yawa, ka sassauta.

Yanzu injin. Duk mai gyaran janareta da ya san hannunsa zai iya, sai dai ka zauna kusa da shi. Kada a ja igiya da ƙarfi a ranar farko. A cire fulogi a zuba ɗan bakin mai a ramin, a bar shi ya kwana, sannan a juya da hannu. In fistin ya kafe, kananzir da haƙuri ne maganinsa, kwana uku ko mako, ba guduma ba. In yana juyawa, toshe ramin fulogi da babban yatsa a juya: ya kamata iska ta ture yatsan. In ba ta ture ba, galibi bawul ne ya maƙale a buɗe saboda daɗewa, a buɗe kan injin a sa masa mai a lallaɓa shi ya sauka.

Sai wuta. A ɗora fulogi a jikin injin, a inuwa, a ja igiya, a ga ko shuɗin tartsatsi zai fito. In babu, kada a yi saurin cewa koyil ya ƙone. Tsofaffin nan suna da wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa a bayan faifan nan mai nauyi da ke juyawa da injin, kuma shekara 20 ta isa ta sa su yi tsatsa. A goge su da lallausar samfefa, a daidaita buɗewarsu ta zama ƙasa kaɗan da rabin milimita, sau da yawa shi ke nan. Wajen cire faifan ne ake ɓarna: a nemi abin zaro shi, kada a ɗana masa ƙarfe a buga, yana fashewa.

Kafireta kuwa tabbas ta toshe, don fetur in ya daɗe yakan bushe ya bar danƙo. A kwance, a jiƙa, a hura da iska. Kada a zura allura a ƙananan ramukan, ana buɗa su ne injin ya koma shan mai da hayaƙi. A wanke tanki, a sake tiyo, a zubar da tsohon bakin mai a zuba sabo, mai lamba 30 ya dace da shi. Ka kuma ja wa makanikin kunne: wannan injin yana da ma'ajin bakin mai nasa daban, ba a gauraya masa mai da fetur irin na ƙaramin janareta. Akwai tsofaffin injinan ciyawa da ake gaurayawa, musamman masu injin Villiers irin na Atco na farko, amma ban da naka. Wani abin kuma, notocinsa da ma'aunin inci na Ingila aka yi su. Sifanar milimita za ta yi kamar ta kama, sai ta murje kan notin. A tsofaffin garejin da suka yi aikin Land Rover da Bedford ake samun sifanun da suka dace, kuma duk notin da aka cire a adana shi a gwangwani, don ba za ka same shi a shago ba.

Fenti shi ne ƙarshe, ni a ganina ma ba dole ba ne. Masu wannan sha'awa sun rabu biyu: wasu sai sun mayar da shi kamar yau ya fito daga kamfani, wasu kuwa wankewa kawai suke yi su shafa mai, su bar shi da tabonsa. Ina tare da na biyun, balle injin da hannun mahaifinka ya goge wa fenti a mariƙi. In dai za ka kankare, ka jiƙa samfefar da ruwa ka rufe hanci, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Ka ɗauki hoton kowane tambari da rubutu kafin ka taɓa.

Saura tambayar da ba ka yi ba, wadda ita ce za ta yanke hukunci: ina za ka yi amfani da shi? Wannan injin ba ya shiga jeji. Gamba ko tofa da ta kai gwiwa kwantar da ita zai yi ya wuce, ko ya shaƙe. Yana son fili shimfiɗaɗɗe, gajeriyar ciyawa, da yanka a kai a kai, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda. Da damina wannan na nufin kowane mako, a watan Agusta ma wataƙila sau biyu. In ta riga ta tsere maka, sai an fara bi da lauje. Ciyawar kiri-kiri, wadda ke yaɗo a ƙasa, ita ce abokiyarsa, da irinta ake shimfiɗa filayen wasa a ƙasashe masu zafi. Babban maƙiyinsa tsakuwa, Jos kuwa ba a rasa ta. Dutse ɗaya ya isa ya ɓata wasan da ka yini kana yi, don haka a tsince filin kafin a tayar. Akwatin gaban yana tara yankakkiyar ciyawa, na san kuma ba za a zubar ba a gidan da ke da dabbobi. A baza ta ta sha iska. In aka tara ta tuli takan yi zafi ta fara ruɓa cikin sa'o'i, kuma doki musamman kada a ba shi, tana kumbura masa ciki.

Ka sani kuma injin nan ya girmi dokokin kariya. A Amurka tun 1982 aka wajabta wa sababbin injinan da ake turawa da hannu masu wuƙar sara su tsayar da wuƙa cikin daƙiƙa 3 da sakin mariƙi. Tsohon Suffolk bai san wannan ba: kulocinsa da gudun injin yake kamawa, kana ƙara wuta zai ɗauki hanya, ko kana riƙe ko ba ka riƙe. Ka koyi kashe shi kafin ka koyi tayar da shi, a sa takalmi rufaffe, yara su matsa, kada a tayar da shi a cikin ɗaki, kuma hannu ba ya zuwa wurin wuƙa sai an cire hular fulogi.

In damina ta wuce, a rufe famfon mai a bar injin ya shanye na cikin kafireta har ya mutu da kansa, a juye sauran na tanki, a shafa wa wuƙaƙe da sarƙa bakin mai, a sassauta notocin nan biyu masu matso da wuƙaƙe kaɗan, a lulluɓe shi saboda ƙurar hunturu. Ka duba jikin injin, akwai ɗan faranti ko lambobi da aka buga a ƙarfe. Ka sa yaron ya ɗauki hotonsu tare da na kafiretar, ya auna faɗin wuƙaƙen da inci, ku aiko. Da su za a gane ko mai 75cc ne na baƙin ƙarfe ko mai 98cc na baya, don kada ku yi odar gaskit ɗin da ba nasa ba.