Idan Dalmarka Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba, Wanke Igiya Ka Zo Yi

Kai yaro, ka ce kifayen robar da kake yaudarar kifin kod da su daga gaɓar teku sai maƙalewa suke yi a ƙasan ruwa, kana tambaya ko ka rage nauyin dalma ka riƙa ja ta sama-sama. Rage mana, ka ga ko za ka kai ko kifi ɗaya gida. Kod kifin ƙasa ne. Ɗan gemun nan na haɓarsa da shi yake laluben kaguwa a tsakanin duwatsu, kuma da hunturu ba ya wahalar da kansa wajen bin abu da gudu. Ka sa dalma mai gram 30 zuwa 40, ka jefa, ka jira sai igiya ta saki, ka ɗaga sanda a hankali, ka bar ta ta sake sauka. A saukar nan yake cafka. Ɗaurin ƙugiya kuwa kada ma ka tambaye ni, wanda bai iya shi ba ya koma gida ya sha shayi.

Maƙalewa dai dole ce, yadda za ka fita daga ita ne sana'a. Wani baƙo ya taɓa ɗaukata in kai shi Saltstraumen, wani mashigin teku mai ƙarfin gudun ruwa kusa da garin Bodo a Norway, cikin watan Fabrairu. Ya zo da riga mai tsada, yana cika baki wai ya kama manyan skrei, wato kod mai ƙaura, a tsibiran Lofoten, irin wanda ake busarwa har ya kai kasuwannin Najeriya. Na ce masa wannan aikin jirgin ruwa ne, kifin ƙarfe kake saki tsaye a ƙarƙashinka. A gaɓa kuwa a karkace kake janyowa ta cikin ciyawar teku. Ya ce ya sani. Na ba shi sandata da na fi ji da ita, da akwatin dalmar da na narka na zuba da hannuna. Na gargaɗe shi cewa ruwan wurin nan yana juyawa kusan duk bayan awa 6, mu jira ya lafa tukuna. Ina juya baya ya jefa a tsakiyar gudun ruwa, ya bar igiya a sake. Ta maƙale. Ya tsinka, ya ɗaura wata, ita ma haka, har akwatin ya kusa ƙarewa.

Ga sanyi, ƙanƙara ta toshe zobban sanda. Na ce ya tsoma kan a ruwan gishiri ta narke. Sai bawan Allah ya kama buga ta a dutse! Da ya sake maƙalewa, maimakon ya naɗe igiya a ɗan itace ya ja a miƙe, sai ya lanƙwasa sandar iya ƙarfinsa. Ƙas! Ta rabu biyu a kan idona. Ya dafa kafaɗata, wai da ya isa otal zai turo kuɗin sanda da na aiki. Gari na wayewa ya hau jirgi. Ko kurona ɗaya, kuɗin ƙasar, ban gani ba, kuma ya je intanet ya rubuta wai kayana tsofaffi ne. Allah ya isa.

Saboda haka, tsinin ƙugiyarka ya ɓuya cikin bayan robar, kuma guntun zaren da ke gaba ya fi babbar igiya rauni, don idan za a tsinke a tsinke a can. Ku yaran yanzu kun ga bidiyo a waya, mutum ya jefa sau ɗaya ya fito da ƙato, ba a nuna muku wunin da ya yi yatsu na daskarewa. Gobe rana ba ta daɗewa, ka zo da fitilar goshi da takalmi mai ƙusa, duwatsun nan santsi gare su. Kuma da taka sandar za ka zo.