Ga mai yaron da ya murɗa gas: ki sakar masa baki, ki tsare hannunsa

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga abin da kika rubuta kan ɗanki ɗan shekara uku da rabi, wanda daga asuba zuwa dare babu abin da ke bakinsa sai "mene ne wannan" da "don me", ga shi ya murɗa makunnin gas kin zane shi, kin dawo kina tambaya ko haƙurinki ne ya gaza. Wallahi zuciyata ta karye. Duk mai rainon yaro a ɗaki da baranda a Aboabo ko Asawase a Kumasi ta san wannan ciwon kan.

Abu biyu kika haɗa wuri ɗaya. Akwai tambayar da yake yi da baki, akwai wadda yake yi da hannu. Ta baki ba ta kashe kowa, gajiya kawai take sawa. Amsa gajeriya ta ishe shi, amma ta zama gaskiya. Don me waakye, shinkafa da wake, ta yi ja? Karan dafi aka sa a ruwan, sai ki tsoma ɗaya a ruwan ɗumi ya ga yadda yake rina. Ina wuta ta tafi? Ta waya take zuwa daga nesa, wata ma daga Akosombo inda ruwa ke juya injin, yau ba a turo mana ba. In ya maimaita tambayar sau biyar ba raini ba ne, so yake ya ji ko amsar na nan yadda take. Ki juya masa: "Kai me ka gani?" In hannunki na cikin aiki ki ce bari ki sauke tukunya, amma in kin sauke ki cika alkawari. Abin da ba ki sani ba ki ce a bari babansa ya dawo. Kada dai ki rufe masa baki da dodo, domin ranar da ya gane babu dodo, har "akwai zafi" ɗinki zai daina yarda da shi.

Ta hannun ce abin tsoro, kuma duka ba ya maganinta. Abin da yaro ke koya daga bulala shi ne ya jira sai ba kya nan. Gas ɗin ki riƙa rufe shi daga kan tukunyar gas, ba daga makunnin murhu kaɗai ba, ko ya murɗa babu abin da zai fito. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, daidai inda yaro ke zama. In kin ji wari kada ki taɓa makunnin lantarki ko ashana, ki fitar da yaron, ki buɗe ƙofa da taga, ki rufe tukunyar. Lokaci zuwa lokaci ki shafa kumfar sabulu a jikin tiyo da mahaɗarsa, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ke yoyo.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai a gidajenmu na haya ba gas ba ne, maƙwabta ne. Mace za ta jiƙa sodar yin sabulu a gorar ruwa, ta ajiye a bakin ƙofa, a tsakar gidan da yara goma ke wasa. Ruwan soda fari ne tas, ba shi da wari, yaro mai ƙishirwa ta ina zai bambanta? Kurɓa ɗaya ta isa ta ƙone maƙogwaro. Bayan makonni wurin ya warke ya tsuke, yaro ya kasa haɗiye ko koko, a shiga zarya asibiti ana buɗa masa hanya. Haka masu zuba kananzir a kwalbar lemo. In kika yi magana a ce kin cika fitina, wai ki kama ɗanki. To wa ke iya kama ɗan shekara uku yini guda? Sai abu ya faru kuma su ne na farko da za su rugo da manja suna ɗura masa wai ya yi amai. Kada ki yarda, ko wace ce ta ce, ko uwar mijinki ce, ki ba ta haƙuri ki ɗauki ɗanki. Soda in ta dawo ta amai ta sake ƙona inda ta bi, kananzir kuma amai ke shigar da shi huhu. Ki wanke masa baki da jiki da ruwa, ki ɗauki gorar da ya sha, ku tafi asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye nan take, ko da kin ga yana wasa. Lambar gaggawa 112 ce.

Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa masu walƙiya, shi ma in ya maƙale a maƙogwaro cikin awa biyu ya fara ci. Ba a jira ya fito a kashi. Ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki kuwa a idonsa alewa ne, ki sa su a akwati mai kwaɗo.

Wajen kurfoti, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki riƙe hannunsa kusa da tukunya har ya ji hucin, ki ce "zafi". Kalma ɗaya, kullum ita. Mariƙin tukunya ya kalli bango. In ya ƙone, ruwan famfo minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da ƙanƙara. Bokitin wanki kuma a zubar da ruwan a kife shi, musamman in yana da ƙane mai rarrafe.

Sannan ki ba hannun aikin yi, tunda ba zai zauna ba. Tsohon kwaɗo da makullinsa, robobi masu murfi, mazurari, cokali. Ki huda gindin gwangwanin madara, ku zuba ƙasa, ya binne wake uku, ya riƙa ba shi ruwa kaɗan kullum. Kafin mako ya tsiro, kin samu abin da zai riƙa dubawa da safe kafin ya iso kanki. Sai dai ki ƙirga waken da hannunki, domin yara hanci suke turawa. In ya tura kada ki bi da tsinke, ƙara cusa shi za ki yi, wake kuma kumbura yake in ya jiƙa. Ki toshe ɗaya hancin ki ce ya fyace, in bai fito ba ku wuce asibiti a ranar.