Tambaya da Amsa: Sunan makaranta a saman tes ba hatimi ba ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne shugaban wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Argungu. Iyayen yaranmu yawanci manoma ne da masunta, ƙaramar waya suke riƙewa, ba ruwansu da WhatsApp. Takardar da muke ba yara su kai gida kuwa a hanya take ƙarewa. A zangon da ya wuce wani saƙo ya shiga wayoyin wasu iyaye da sunan makarantarmu, wai a tura kuɗin jarrabawa wani asusu kafin Juma'a. Mutum huɗu suka tura, har yau ana yi mini wani irin kallo a gari. Yanzu wani mai shagon kwamfuta ya ce in ba shi lambobin iyaye ya riƙa tura mana saƙo da suna na asali wanda ba mai iya kwaikwaya. Hankalina bai kwanta ba. In ba shi, ko in haƙura da tes gaba ɗaya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Allah ya mayar wa waɗanda aka cuta da alheri. Kada ka ba shi lambobin, kuma kada ka haƙura da tes. A wuri irin naka babu abin da ya kai shi: ba ya buƙatar data, yana shiga 'yar waya mai tocila, in wayar tana kashe ya ɗan jira har a kunna.

Amma maganar mai shagon nan ita ce ta fi tsaya mini, domin kusan kullum sai na ji ta, har daga bakin mutanen da suka yi digiri. Wai tunda sunan makaranta ko na hukuma ya fito a sama, to saƙon nasu ne. Ranka ya daɗe, wannan sunan rubuta shi ake yi. Gurbi ne mai cin harafi 11, mai turawa ne yake cike shi. Gaskiya ne kamfanonin waya sun tsaurara, yanzu ana neman a yi wa sunan rajista, amma ɗan damfara ba sai ya samu sunanka daidai ba. Ya canja harafi ɗaya, ya sa sifili a gurbin O, ya ƙara ɗigo. Wane uba ne zai tsaya tantance wannan a tsakiyar fadama, rana tana dukan fuskar waya? In kuma ya dace sunan ya zo daidai, wayoyi da yawa sai su jera saƙon ƙarya a ƙarƙashin na gaskiya, wuri ɗaya. Wato kai ne za ka yi wata uku kana koya wa iyaye su yarda da sunan, shi ya zo ya girbe.

Akwai abin da ya fi wannan muni, wanda masu tallar ba sa faɗa. Saƙon da ya zo da suna ba a iya ba shi amsa, ba a iya kiransa. Uba ya ga abin da ya ɗaure masa kai, ba lambar da zai danna ya tambaya. Sai ya tambayi maƙwabci, maƙwabci ya ce ai ni ma na samu, shi ke nan magana ta tabbata. Na taɓa zama da wani malamin firamare da saƙo ya same shi da sunan wata hukuma, wai ana tantance malamai, ya turo BVN da lambar da za ta shigo masa yanzu ko a tsayar da albashinsa. Ya tura. Da na tambaye shi dalili, sai ya miƙo mini wayar yana nuna saman saƙon da yatsa, ya ce, "To Malam, ba ga sunan ba?" Albashin watan bai kwana a asusunsa ba. Ban ga wautarsa sosai ba. Wasu ofisoshinmu ne suka saba wa mutane da umarnin dare ɗaya, ba takarda, ba sa hannu, a ce kowa ya hallara gobe da takwas da fayil. Wanda aka raina a kan haka, in ɓarawo ya yi masa tsawa da irin muryar, gudu zai yi ya bi.

Kuɗi ma da sauƙi. Tun da aka sace ɗalibai a makarantar Birnin Yauri a watan Yunin 2021 zuciyar iyaye a Kebbi a hannu take. Saƙo ɗaya da sunan makaranta a ce kowa ya zo ya ɗauki ɗansa ya isa ya tayar da gari, a tattake yara a bakin ƙofa.

Abin da za ka yi ba shi da tsada. Makaranta ta sayi layi ɗaya da waya ɗaya, lamba ta sosai wadda ake kira a ɗauka. A rubuta ta da fenti a jikin bango da bayan katin sakamako. A taron PTA a sa kowa ya adana ta a gabanka, wanda bai iya ba a yi masa. Sannan a faɗi ƙa'ida a bainar jama'a, a roƙi liman ya maimaita ranar Juma'a, mai unguwa ma ya sani: makaranta ba ta tura lambar asusu ta tes, ba ta neman BVN ko NIN ko lambar sirri, ba ta turo adireshin intanet a danna. Kuɗi a ofis ake biya a karɓi rasit. Duk saƙon da ya shafi tsaro, a kira a ji murya kafin a motsa. Ka kula da layin, a riƙa amfani da shi ko a lokacin hutu, domin sim ɗin da ya daɗe a ajiye kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, sai ka wayi gari lambar makaranta tana hannun baƙo. Lambobin iyaye kuwa amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. In suka shiga kwamfutar shago, kada ka yi mamaki ka ji lokacin zaɓe ana kiran iyayen ɗalibanka ana tallar ɗan takara. Ga kuma wani abu: duk wanda ya taɓa tura STOP zuwa 2442 don ya huta da saƙonnin talla, saƙon jimla mai araha irin na mai shagon nan sau da yawa ba ya isa gare shi, kai kuwa an caje ka.

Wajen rubutu akwai tarko na musamman ga mu masu Hausa. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, ko alamar naira, sai ya koma 70, haka ma rubutun ajami. Saƙo mai harafi 150 sai ya rabu uku. A kan naira 6 kowane tes, iyaye 300 naira 1,800 ne, amma saboda lanƙwasa ɗaya ya zama 5,400, wasu ƙananan wayoyi kuma akwati-akwati za su nuna. Malamin Hausarku ba zai ji daɗi ba, amma a tes a bar lanƙwasa, sai dai a zaɓi kalma da hankali. Ka fara da rana da abin da ake so a yi, gaisuwa ta tsaya a sallama.

Kada kuma ka ɗauka saƙo ya tafi, an karanta. A gidaje da yawa wanda yake karanta wa uba tes shi ne yaron da kake ƙara a kai. Ka rubuta cewa bai zo makaranta ba kwana uku, shi zai karanta ya ce kamfani ne suke tallar waƙa, ya goge. Irin wannan kira ake yi, bayan magariba, lokacin da maigida ya dawo.

A koyarwa, ka rage buri. A Botswana lokacin korona an gwada tura wa yara lissafi ta tes kaɗai, da kuma tes haɗe da kiran malami. Na haɗe da kiran ne ya ɗaga karatu. Nan maƙwabtanmu a Dosso da Damagaram, wajen 2009 zuwa 2010, an koya wa 'yan yaƙi da jahilci amfani da ƙaramar waya, suka fi takwarorinsu a karatu da lissafi, amma akwai malami da aji a bayan abin. Don haka ka yi amfani da shi wajen ranar dawowa daga hutu, jadawalin jarrabawa, tambaya ɗaya ta lissafi a mako wadda za a warware a aji ranar Litinin, da tuna wa malamai ranar miƙa maki. 'Yan ajin ƙarshe kuma ka ja kunnensu: layin da za su tura NIN zuwa 55019 ko 66019 don rajistar JAMB ya zama nasu na kansu, ba na mai shago ba, domin da shi za su duba sakamako.

Littafin lambobi na takarda da ɗan aike kada su bar ofishinka. A watan Satumban 2021 an rufe sabis a Zamfara baki ɗaya, aka yi makonni ba kira ba tes. Su kuma iyaye huɗun nan, ka je gidajensu da ƙafarka tare da shugaban PTA, ka karɓi lambar asusun da suka tura wa kuɗi, ku kai ta banki da ofishin 'yan sanda a rubuce. Lambar koke ta hukumar sadarwa ta NCC ita ce 622, kuma kyauta ce.