Ka ƙara wa farosesa gudu, kwamfuta na daskarewa

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗaga gudun farosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) a BIOS (shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi), Windows ta tashi lafiya lau, amma da ka shiga gem sai ta daskare ko ta kawo shuɗin allo, kana tambaya ko ka ƙara boltej, wato ƙarfin wutar da ake ba farosesa? Dakata tukuna. Tashin Windows ba gwaji ba ne. Sa mata manhajojin gwaji Prime95 ko OCCT su matse ta aƙalla awa ɗaya, manhajar HWiNFO a buɗe kana kallon zafi da Vcore (boltej ɗin farosesa). In zafin ya haura digiri 90 tsayar da ita nan take, ƙarin boltej ƙarin zafi ne, kuma ka san Kano a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ni tawa sai da na ciro ƙura kamar auduga. In zafin da sauƙi, ƙara 0.01V kawai ka sake gwaji, ko ka rage 100MHz daga gudun. Kar ka kwafi lambobin wani a YouTube, kowace farosesa da halinta. Ka nemi UPS, na'urar ajiye wuta, saboda ɗaukewar wuta. In kwamfutar ta ƙi tashi, cire batirin CMOS (ƙaramin batirin da ke riƙe saitin BIOS) na 'yan mintuna don saitin ya koma na asali. In ka ji ƙauri kuwa, zare waya ka kai wa ƙwararren mai gyara.