Mata sun taɓa gogayya da maza a tseren motoci?

Malam, ka tambaya ko mata sun taɓa shiga babban tseren motoci. Ƙwarai kuwa, tun 1958 ma, lokacin da Maria Teresa de Filippis 'yar Italiya ta tuƙa Maserati a gasar Formula One, ta zo ta 10 a Beljiyam. A wannan gasar kuma, Lella Lombardi ta samu rabin maki a Sifaniya a 1975, saboda haɗari ya sa aka tsayar da tseren kafin a kammala, aka ba direbobi rabin makin da aka saba bayarwa.

Amma ni gwanata Michèle Mouton ce, 'yar Faransa. Cikin ƙura da tsakuwa da kwanar dutse take fafarar Audi Quattro, ta lashe tseren Sanremo na Italiya a 1981, a gasar Rally ta duniya. A 1982 ta ci uku, ta zo ta biyu a duniya, Walter Röhrl ɗan Jamus kaɗai ya sha gabanta.