Wanke ƙyallaye kafin yanka, asara ce ko riba?

Wata ƴar'uwa tela daga Tawa ta rubuto mini. Tana son ta fara ɗinka barguna da zannuwan gado irin na haɗe-haɗen ƙyallaye, da ragowar atamfa da ke taruwa shagonta da wadda take saye wurin teloli, don ta samu kasuwar lokacin ɗari. An ce mata sai ta wanke kowane ƙyalle ta goge kafin ta sa almakashi, ita ko gani take ɓarnar ruwa ce da omo da gawayi da lokaci, ga tsoron kaya su rasa ƙyallin sabunta mai saye ya ce tsoho ne anka kawo mishi.

Ƙanwata ki wanke. Kuɗɗin wankin nan ki lissafa shi cikin jari kamar yadda kike lissafa zare da kuran, ki ɗora shi bisa farashi, amma kar ki tsallake shi.

Ga dalili. Yadin auduga in ya sha ruwa karon farko yana tsukewa, galibi kashi 3 zuwa 5 cikin 100, wato metir guda yana iya rasa santimetir 5. A riga ɗaya mai yadi ɗaya abin da sauƙi, duka tare za su tsuke. Amma bargonki ƙyalle nawa ne ciki? Wanga atamfa ce ta auduga zalla, wancan mai roba ne da ba ya tsukewa ko kaɗan, ga guntun shadda, ga wani da ba ki ma san asalinshi ba tunda cikin buhu kinka saye shi. Ranar da mai kaya ta wanke kowane zai ja nashi gefe, ɗinki ya tattare, kusurwoyi su karkace, wani wurin zare ya tsinke. Kuma bargo mai metir 2 in ya rasa santimetir 10 ya daina rufe katifa yadda anka auna, ke kuma kin riga kin karɓi kuɗɗin metir 2.

Zuba ta fi wannan muni. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu su ne sunka fi zuba, musamman rinin hannu da atamfa mai araha, kuma jan ƙyalle guda tak ya isa ya ɓata duk fararen da ke kewaye da shi, gyaranshi da wuya, jabel ma sai dai ya cinye sauran kalolin. Gwajin ba shi da wuya: ki jiƙa farin tsumma ki goga bisa ƙyallen da ƙarfi, ko ki tsoma guntu cikin kofin ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu ki bar shi ya jima. In ruwa ya rine ki wanke shi daban ki ta ɗauraya har ruwan ya fito garau. Wanda ya ƙi daina zuba ki fidda shi, komi kyanshi, ki yi jakka ko wani abu da shi. Mutane na cewa a sa gishiri, ni ba na ba ki shawara ki jingina kasuwarki da shi, rinin kamfani na yanzu gishiri ba ya kama shi.

Yanzu mu yi lissafi, misali ne kawai, ke ki sa naki farashi. A ce bargo ɗaya ya ci jika 9 tsakanin ƙyallaye, yadin baya, abin ciki da zare, kina son saidawa jika 15. A ce wanki da guga sun ci jika 1 kowane bargo. Barguna 10 kin kashe jika 10 kenan. To bargo ɗaya tak in anka maido miki shi ya zuba, jika 15 ta tafi, ga wahalar ɗinki, ga kuma maganar da za ta bi gari, kuma kin san Tawa, in kayan ɗakin amarya ne ranar jere duk dangi za su gani su tambayi wa ya ɗinka. Wannan maganar ita ke kawo komandi, ita ke kashe shi.

Yadda za ki rage tsadar shi ne kar ki wanke kaɗan-kaɗan. Ki ware rana guda a sati, ki kasa ƙyallayen kashi uku, farare, masu haske, masu duhu, ki fara da farare sannan ruwan ɗaurayarsu ki yi wa masu duhu wankin farko da shi. Ƙananan ƙyallaye kar a cuɗa su da ƙarfi, bakinsu zarewa yake, jiƙawa da matsawa sun isa. Shanya a inuwa, ranarmu ta cin kala ce. Ki goge tun da sauran ɗan danshi, ki riƙa danna dutsen guga kina ɗagawa, kar ki ja shi, ja yana miƙar da yadi ya fita awo. In kin sa ɗan sitati yadin zai tsaya ya yi daɗin yanka, kuma wannan ƙyallin da kike tsoron rasawa zai dawo sosai.

Yadin baya ma a wanke shi, nan mutane ke mantawa, alhali shi ya fi faɗi. Kafin yanka ki cire bakin yadi mai rubutun kamfani don ya fi tauri kuma tsukewarshi daban take, ki yanka bisa tsawon zare ba a karkace ba, ki bar hakkin ɗinki iri ɗaya ko'ina, kamar milimetir 7, in ba haka ba murabba'ai ba za su haɗu ba. In kina shakkar ƙyalle auduga ne ko roba ki ƙona ɗan zare: auduga warin takarda take ta bar toka mai laushi, roba narkewa take ta dunƙule. Ki yi ƙoƙari kar ki gama su bargo ɗaya, na roba ki tara su daban ki yi masu araha da su.

Sai maganar sayarwa. Kar ki ɓoye cewa an wanke, ki faɗa da bakinki, ki ce wanga an wanke shi kafin ɗinki, ba ya zuba ba ya tsukewa, ki ajiye ɗan samfur a shago da kofin ruwa mai shakka ya gwada da hannunshi. In wata rana kinka yi niyyar kai kaya Yamai, ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata ko baje kolin mata na SAFEM, masu sayen can irin tambayar da za su yi miki kenan. Amma yanzu ki fara da barguna 2 ko 3, ki wanke ɗaya bayan kin gama ɗinki ki ga yadda ya fito, ki rubuta duk dalar da kinka kashe da awowin da ya ci miki, sannan ki yanke farashi. Kuma ki karɓi abansi kafin ki sayi yadin baya na komandi, tunda shi ne zai fi cin kuɗɗinki.